Asuwaki a Takalmin Nana

Asabar, 6 ga Disamba, bayan isha'i

Nana ta ƙi cin komai tun safe. Tun da babanta, Yaya Sani, ya kawo ta Wudil daga ƙasar Kuroshiya bayan rasuwar uwarta, ya koma can, ban ga ta yi kuka irin na yau ba. Ashe a can, daren jiya yara ke goge takalmi su ajiye a taga. Mai kirki ya tarar da alewa a ciki, mai ƙiriniya ya tarar da tsumagiya. Mu ina muka sani? Inna ta ajiye asuwakinta a taga da asuba, ya faɗa cikin takalmin da Nana ta ajiye, ita kuwa ta ɗauka tsumagiya ce.

Da guntuwar Hausarta ta tambaye ni, "Gwaggo, ni ba kirki, shi ya sa Baba ya koma?"

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Kar in ƙara jin al'adar Nasara a gidan nan." Wallahi raina ya ɓaci. Marainiya ce fa!

Yarinyar ta sake goge takalmin ta mayar taga. Dabino da alewar madara suna cikin hijabina. Inna kuwa tana zaune a gindin tagar tana jan carbi, ba ta da niyyar tashi.