Yayana ya ƙwace injin gurzar Inna, wai sana'arta tana zubar masa da mutunci

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan uwa na wannan gida. A taimaka a ɗora min wannan ba tare da sunana ba, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, raina ya ɓaci sosai, kuma na san idan na yanke hukunci ni kaɗai a yadda nake ji yanzu, abin ba zai yi kyau ba.

Ina aure a Ɗambatta, amma asalinmu wani ƙauye ne a gefen Watari, inda ake noman rani. Mu biyu ne a wurin mahaifiyarmu, ni da Yayana namiji, mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Tun muna yara sana'ar Inna ita ce haɗin salak. Masu lambu su kawo mata latas da kabeji da karas da gurji da albasa, ta wanke, ta yanka, ta haɗa da garin ƙuli da man gyaɗa da ɗan lemon tsami. Ranar kasuwa ta fita da shi, sauran ranaku a biyo ta har gida, masu biki da suna ma ita suke nema. Da wannan sana'ar ta ciyar da mu, da ita ta sa Yaya a makaranta, da ita ta yi min kayan ɗaki.

'Yan shekarun nan amosanin gaɓɓai ya kama mata hannu. Yatsunta sun kumbura sun karkace, da safe ba ta iya dunƙule hannu sai ta jiƙa shi a ruwan ɗumi. Latas da sauƙi, tana iya yayyaga shi a hankali, amma karas da kabeji su ne azabar. Wuƙa ta riƙa suɓuce mata, greta kuma maimakon karas sai ta goge mata fatar yatsa, don ba ta iya riƙe shi da ƙarfi. Na kai ta asibiti, likita ya ce ciwon sai dai lallaɓawa, ta rage aikin da ke sa ta matse hannu, amma kada ta zauna haka kawai hannun ya sandare. Ga shi kuma kowa ya san yadda rayuwa ta yi tsada, ranar da ba ta yi salak ba, wallahi tukunyarta ba ta hawa wuta.

Mijina yana shiga Kano sarin kaya, shi ya ga wani ƙaramin injin gurza na hannu, wanda ake mannawa a kan benci, a zura karas ko kabeji ta sama, a juya mariƙinsa, ya riƙa zubowa a gurje. Da tafin hannu ake tura mariƙin, ba sai an damƙe ba. Na sayar da akuyata na sa ya sayo, ya haɗo da abin fere karas mai kaurin mariƙi. Tsohuwar wuƙarta kuma na kai wa maƙeri ya sake mata ƙota mai kauri, ya naɗe ta da robar tayar keke yadda ba za ta zame ba. Ranar da na kai mata kayan, Inna ta gurje baho guda na karas tana dariya, ta ce min rabonta da ta gama aiki ba tare da ta yi hawaye ba har ta manta. Kasuwarta ta dawo, har ta fara aiko wa jikokinta da sabulu.

To a nan Yaya ya shigo. Shi dillalin tumatir ne, amma yanzu ya shiga siyasa, yana neman kansila. Wai a wani zama da suka yi, wani abokin adawarsa ya ce mutumin da ya bar uwarsa tana tallar salak a kasuwa da karkatattun hannuwa, me zai yi wa jama'a. Maganar ta yi masa zafi. Da ya je ya ce Inna ki huta, daga yau abincinki yana wuyana, kuma ya cika, ai da ni ce farkon mai gode masa. Amma ba haka ya yi ba. Zuwa ya yi ya kwance injin daga kan bencin, ya haɗa da abin feren da wuƙar ya zuba a buhu, ya ce mata daga ranar an daina, shi zai riƙa kawo komai. Ya kawo kwanon shinkafa da ɗan mai sau ɗaya, daga nan shiru.

Inna ba ta faɗa min ba. Kun san ɗan fari, ko sunansa ba ta kira, balle ta kai ƙararsa. Zuwa na yi gaishe ta na tarar da ita a ƙuryar ɗaki ta ja labule, tana yankan kabeji da wata 'yar wuƙa mara ƙota da ta aro a maƙwabta, babban yatsanta a ɗaure da tsumma, jini ya ɓata shi. Ashe a ɓoye take yi wa matan unguwa kaɗan kaɗan, don ta samu na cefane, tana ɓuya kamar mai aikata laifi, a gidan mijinta, a sana'ar da ta yi shekara da shekaru tana yi. Na tambaye ta ina injin, sai ta ce, "Yana wurin yayanki, ajiye min ya yi." Ban san lokacin da na fashe da kuka ba.

Na wuce gidansa kai tsaye. Ban yi masa rashin kunya ba da farko, na gaishe shi, na ce Yaya na zo karɓar kayan Inna. Ya ce babu abin da zai ba ni, ni ce na ja masa zagi a gari, na sayo wa tsohuwa inji don ta ci gaba da wahala maimakon in ce ta huta. Na ce hutu da yunwa ba hutu ba ne, kuma likita da kansa ya ce kada ta daina motsa hannun. Ya ce ni mace ce da aka aurar, ba ni da ta cewa a gidan ubanmu. A nan na faɗa masa cewa salak ɗin da yake jin kunyarsa shi ya biya masa kuɗin jarrabawa, kuma babbar rigar da ke jikinsa ba ta fi tsumman da ke yatsan Inna daraja ba. Ya kore ni. Kafin in isa Ɗambatta ya kira mijina ya ce ya ja min kunne, kuma kada in sake taka masa gida.

Abin da ya ƙarasa ɓata min rai shi ne na satin da ya wuce. Ya tara 'yan siyasarsa a gida za a ci abinci, sai ga injin nan an manna shi a kan teburin matarsa ana ta gurza. Matar ba ta iya haɗin ba, sai ya tura aka ɗauko Inna a babur, aka shigar da ita ta ƙofar baya, ta zauna a madafa ta haɗa musu salak tire tire. Baƙi suka ci suna santi, wani ya tambayi wa ya yi, Yaya ya ce daga Kano ya sa aka kawo. Wata 'yar uwarmu da ta je taya aiki ita ta ba ni labari, ta ce Inna ta ji da kunnenta, ta wanke injin tas, ta shafa shi da hannu, ta bar shi a nan aka mayar da ita gida.

Na je wurin Kawu, ƙanin mahaifinmu, ya ce in yi haƙuri har a gama zaɓe, kada in ɓata wa yaro tafiya, idan ya ci ai duk mu ne za mu amfana. Mijina ya ce mu sake sayen wani injin idan hali ya yi, amma ni na san ranar da Yaya ya ji ƙararsa zai zo ya kwance shi. Na ce Inna ta dawo wurina, ta ce ba za ta zauna gidan suruki ba alhali tana da ɗa namiji, za a zage shi. Har yanzu shi take karewa. Da na ce mata zan kai maganar wurin mai unguwa, sai ta riƙe min hannu da waɗannan yatsun nata ta ce, "Idan kika tona masa asiri a gari, ban yafe miki ba." Ban taɓa jin ta faɗa min irin wannan ba.

Gaskiya yanzu ko muryarsa ba na son ji. Wani lokacin sai in ji kamar in je kasuwa ranar da yake yawon neman ƙuri'a, in ɗaga hannun Inna sama in nuna wa mutane, in ce ga wanda yake so ku zaɓa. Abin da ke riƙe ni kawai maganarta ce.

'Yan uwa, me zan yi? In kai shi wurin mai unguwa a karɓo kayan, in ɗauki fushin uwata? In shiga gidan lokacin da ba ya nan in ɗauko, tunda da akuyata aka saya, duk abin da zai faru ya faru? Ko in bi maganarta in yi shiru, ina kallo tana yanka yatsunta a bayan labule? Malaman da ke cikinmu ku faɗa min, idan uwa ta hana a ƙwato mata haƙƙinta saboda tana kare wanda ya zalunce ta, biyayya ce in ƙyale, ko ni ma na shiga cikin zaluncin? Don Allah kada ku ce min haƙuri kawai, Kawu ya riga ya faɗa, kuma hannun Inna bai daina jini ba.