Hannuna a Cikin Akwatin Liwayway

Zuwa ga mai girma ubangidana Ninong Eusebio Dimaculangan, wanda ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Alitaptap, da uwargidansa Ninang Pacita, a garin Lipa.

Bayan gaisuwa ta ladabi wadda ta wajaba a kan na ƙasa, ina tambayar lafiyar ƙafarka, da fatan jinin Ninang ya sauka. Ni ne Crisanto Manalili, mai gangunan konga. A lura da kyau, wannan rubutun hannuna ne. Na kammala ajin manya na cocinmu, malama ma ta ce ba ta taɓa ganin mai danna alƙalami da ƙarfi irina ba. Saboda haka babu wanda ya sa mini magana a baki.

Ina kawo ƙarar jikarka Liwayway. Tun da ka damƙa mata ƙungiyar ta hana mu sa farin kwat. Ta soke kiɗan rawar bolero da na ca-ca da muke yi wa dattawa a zauren otal. Ta kawo kwamfuta da wani akwati mai maɓallai, abin da ke fitowa daga cikinsa kuwa kamar an jefa garwa a injin wanki. Wai sunansa kiɗan gwaji. Na sanar da ita cewa Alitaptap ba ta gwaji, mun iya tun ba a haifi uwarta ba. Ita Lolo Santo take kira na, wato Kaka Santo. Sai ta ce, "Lolo Santo, masu son boleron nan rabinsu suna maƙabarta, rabin suna layin asibiti." Rodel mai gita ya yi dariya, shi da haƙoransa na roba.

Jiya ta ce akwatin yana da gangarsa a ciki, wai in zauna gefe ina kaɗa kai don baƙi su ga tarihi. Ni ba tarihi ba ne. Ina roƙo ka umarce ta ta mayar da ni wurina a kan dandali.

Naka mai biyayya,
Crisanto Manalili

Zuwa ga mai girma Ninong Eusebio da Ninang Pacita.

Gaisuwa kamar ta farko, da fatan ruwan saman nan bai tayar da ciwon ƙafa ba. Saƙonka ya iso ta bakin Ninang a waya, cewa in yi haƙuri da yaran zamani. Na yi haƙuri har zuwa Lahadi.

Ranar da yamma aka kai mu bakin wurin ninkaya na otal, samari da 'yan mata sun cika, suna tsalle ba tsari. Ina zaune a kujerar tarihi. Da abin ya kai mini wuya na tashi a natse, na je bango, na zare wayar sifikoki. Wurin ya yi tsit. Na jawo gangunana tsakiya, na fara ca-ca yadda ka koya mini, ba makirufo. Yaran suka ɗauka shiryawa muka yi, suka ɗau ihu, suka shiga rawa. Liwayway ba ta yi fushi ba. Ta durƙusa gabana, ta kara wayar salularta kusa da hannuwana tana cewa, "Ci gaba, Lolo, kar ka tsaya." Na ɗauka tuba ta yi. A zuciyata har na yafe mata.

Ranar atisaye ta danna maɓalli ɗaya, sai ga hannuna, wato kiɗan da ta ɗauka a wayarta ranar Lahadi, yana fitowa daga sifika. Ta yayyanka shi, ta jera, har da ƙwanƙwasar zobena a gefen ganga wadda duk Manila ni kaɗai nake yi. Ta ce, "Ka ji? Yanzu kafaɗarka ta huta. Manajan otal ya ce zare wayar nan aka fi so. Na haɗa maka wata waya da ba ta zuwa ko'ina, duk Lahadi ka tashi da fushinka ka zare ta, ni in kashe daga nan, sai in saki gangarka. Amma ka riƙa ɓata rai sosai."

Na umarce ta ta goge. Ta ce ai tuni yana intanet.

Ninong, na ɗora gangunana a motar haya ta jifni na kai su gida. Ina sanar da kai a rubuce cewa na bar Alitaptap. Hannuna yana can zai yi musu kiɗa Lahadi mai zuwa, ba da izinina ba, kuma hakan ya faru ne bayan ka ce in yi haƙuri.

Waɗanda aka yi wannan a gabansu su ne Aling Remedios mawaƙiya, da Mang Isko mai gadin ƙofar bayan otal, wanda ya kama mini ganga guda har titi, da Rodel mai gita. Rodel ya roƙe ni kada in sa sunansa. Na sa.

Crisanto Manalili, mai gangunan konga