Taraktar Baba da Fadamar da Ba a Huɗe Ba

Litinin

Yaya,

Taraktar Baba ta sake mutuwa yau da hantsi, karo na biyar cikin kwana uku. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambayi kunnenka. Na rubuto ne don na san in na kira waya, sai dai ka yi ta cewa "me kika ce?" har mu gaji.

Ga yadda take yi. Da safe bugu ɗaya take tashi. Ta yi huɗa kamar minti ashirin, sai ƙararta ta fara sauka, ta yi tari sau biyu, ta tsaya. Babu baƙin hayaƙi, inji bai ɗau zafi ba. Bayan ɗan lokaci sai ta tashi kamar ba ita ba.

Fadama ce damuwata. An yi ruwa sau biyu. In aka yi na uku mai ƙarfi, ko jaki ba zai shiga ba sai baɗi. Kawu ya zo jiya, ya zagaye taraktar yana dukan taya da sandarsa. Ya ce da shi da Baba suka saye ta, saboda haka yana da ta cewa: in Asabar ta yi ban huɗe fadama ba, mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo ya ɗauke ta.

Ka ba direban motar kaya amsa, gobe yake dawowa.

Ƙanwarka,
Auta

Talata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da Mama. Kunne yana nan yadda kika san shi. Shekara talatin a gareji ba ta barin mutum haka nan.

Injin da ya mutu ya kuma tashi da kansa ba lalacewa ya yi ba, mai ne ba ya isa gare shi. Ki fara da kofin gilashin da ke ƙarƙashin tanki. In kin ga ruwa ya kwanta a ƙasan dizal, ki zubar. Ki cire filta ki sa sabuwar da na haɗo da takardar nan. Sannan ki sassauta ƙaramin notin da ke samanta, ki yi ta danna hannun famfo har mai ya fito babu kumfa. Kada ki ɗaure da ƙarfin tsiya irin na Baba, haƙoran notin sun riga sun cinye.

In ta sake mutuwa, ki rubuto mini duk abin da kika yi daga tsayawarta zuwa tashinta. Ko kai kika sosa, ki rubuta.

Kawu kuwa, tun ina firamare yake sayar da taraktar nan da baki.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Laraba

Yaya,

Barka da aiki. Saƙo ya iso, na gode.

Na sami ruwa kamar cokali biyu a kofin, da laka. Na sa filta, na fitar da iska. Ta yi minti ashirin da biyar ta mutu. Ba ni na ƙirga ba, Kawu ne. Ya kawo kujera ya zauna a bakin gona da agogo a hannu, kuma wannan karon ba da baki yake ba, na ga mutumin ƙarafan da idona yana leƙen ƙasan injin.

Ka ce in rubuta komai. To. Na sauka. Na zage ta, Allah ya yafe mini. Na buɗe murfin tanki in ga ko mai ya ƙare, kamar yadda nake yi kullum. Murfin yana tauri, in ya buɗe sai ya ja numfashi, fuu. Mai yana nan fiye da rabi. Na rufe, na danna famfo, ta tashi.

Hadari yana haɗuwa kowace la'asar, ni ko zama ba na iya yi. Ka zo mana, Yaya. Rabonka da gonar nan tun rasuwar Baba, sai dai aike. Murfin nan mai makulli da ka aiko bara ma sai watan nan na sa shi, don na Baba yana da huda a tsakiya, ruwan sama yana shiga.

A gaida yara.
Auta

Alhamis

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, direba yana jira.

Ina jin ni na kashe miki tarakta. Tanki sai yana shan iska, domin in mai ya sauka, iska ce ke maye gurbinsa. In ba ta samu hanya ba, famfo zai yi ta ja har ya gaza. Numfashin da kike ji ke nan. Duk lokacin da kika buɗe don duba mai, ke kike tayar da ita ba ki sani ba. Hudar murfin Baba da ƙusa ya yi ta, da gangan, a gabana. Ni kuma na shiga kasuwa na ga murfi mai ƙyalli, na ga girman ya yi daidai, ban ko juya shi na duba cikinsa ba. Na ƙaramar mota ne.

Ki nemo na Baba ki mayar. In za ki ajiye taraktar a waje, ki kifa gwangwani a kan murfin. Ban rantse ba tukuna, famfon ma ya tsufa. In ta yi awa ɗaya cur tana jan garma, to murfin ne.

Batun zuwa, zan gaya miki abin da ban gaya wa Mama ba. Ko na tsaya kusa da injin nan ba zan ji shi ba. A gareji ma yanzu sai in ɗora hannu a kan bonet in yi ta gyaɗa kai. Ban so in yi haka a gonar Baba, gaban Kawu.

Allah ya riƙe ruwan.
Yayanki

Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Na samo murfin a ƙarƙashin ƙafar gadon Mama, da shi ta tokare inda yake rawa. Sai da na ba ta naka a madadinsa ta yarda. Ta ce wannan ya fi kyau, kuma ya zauna daidai.

Na shiga fadama da azahar. Na huɗe kashi ɗaya cikin uku, ko tari ba ta yi ba. Yayyafi ya fara, ƙasa ta soma riƙe taya, sai na fito da ita da kaina na kashe. Kawu ya ce sa'a ce. Bai hana mutuminsa zuwa ba, gobe da safe za su zo tare, da agogon.

Maganar kunne tana wurina. Amma ka zo bayan shuka, ni zan saurara maka.

Ka huta lafiya.
Auta

Na duba agogo da kyau kafin in kashe ta: minti hamsin ta yi. Awa ɗayan da ka ce ba ta cika ba.