Kukis ɗin da Ka Goge a Laftof ɗin Baba

Illela, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Usama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a Agadas, kai da maigidanka da abokan aiki. Allah ya tsare ka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, yara na makaranta, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Na ba Dabo direba wannan takarda ya damƙa maka hannu da hannu, tunda ka mayar da kirana abin kallo, waya na ƙara kana ƙin ɗauka.

Usama, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ka san tun rasuwar Baba Maccido ba a taɓa fita daga asusunsa na intanet a laftof ɗinsa ba, don babu wanda ya san kalmar sirrin. A can ya adana komai: hotunan aikin hajjinsa, da bidiyon da yake ɗauka a rumfar albasa yana tsokanar dillalan Ƙonni, da karatunsa na azumi. Kullum bayan walaha nakan buɗe wa Inna, ta zauna ta saurara, wani lokaci har ta mayar masa da magana. Da ka zo hutun salla sai ka ce injin ya yi nauyi. Ka shiga saitin burauza, ka nuna mini dogon jerin nan da ka kira kukis, ka ce 'yan leƙen asiri ne da shafuka ke dasawa. Na ce maka ka bar su. Ka yi dariya, ka ce mi na sani ban da lissafin buhun albasa, ka danna goge duka, washegari ka hau mota.

To, malam masani, ga abin da gyaranka ya haifar. Da na buɗe da safe, shafin asusun Baba ya ce bai san mu ba, in sa kalmar sirri. Na koma wurin nan da ka shiga, na zauna na karanta da kaina. Ashe a cikin kukis ɗin akwai wanda shi ne shaidar da shafin ke gane mu da ita, kamar yadda masu tsaron iyaka ke gane fuskar ɗan gari su bar shi ya wuce. Kuma wallahi ga suna nan, kowane shafi da nasa, ana iya duba su ɗaya bayan ɗaya, a cire na talla a bar na Baba. Mi zai rage ka da ka tsaya ka duba? Haba Usama! Gyaran gangar auzinawa ka yi mana, ka kuma kama hanya ko waiwaye babu.

Yanzu hanya ɗaya ta rage. Shafin ya ce zai aika lambobin shiga zuwa layin da aka buɗe asusun da shi. Ba layin Baba na Najeriya ba ne, na gwada. Na Nijar ne, wanda yake kiran mutanen Ƙonni da shi, wanda ka ɗauka bayan sadakar arba'in ka ce zai yi maka amfani a can. Na ji ka sayi sabo. Dabo ya ce layin da aka daɗe ba a taɓa ba rufe shi ake yi a ba wani, in kuwa haka ta faru, shi ke nan. Don girman Allah ka zazzage jakarka da aljihunanka yau ɗin nan. In ka same shi, ka sa a waya ka kira ni, in sa shafin ya tura, ka karanto mini lambobin. In kunya ce ta hana ka ɗaukar kirana, ajiye ta, ba faɗa nake nema ba yanzu.

Inna ba ta san kai ne ba. Ce mata na yi sabis ne ya lalace, kuma na gaji da yi wa uwata ƙarya saboda kai. Har yanzu bayan walaha takan shimfiɗa tabarmarta a gaban teburin, ta tambaye ni ko sabis ya dawo.

Ƙanwarmu Ummu da yara suna gaishe ka, haka Kawu Mannir na Amarawa. Ka gaida maigidanka. Inna ma ta ce in gaishe ka, in ce ta sa maka albarka. Jiya ta kira ni ɗaki, ta ce in taya ta tunawa, wai ta kasa tuno yadda Baba ke gyaran murya kafin ya yi sallama. Na gwada, ni ma ban iya ba. Usama, nemo layin nan.

Yayarka mai jiran kiranka,
Lubabatu Maccido