Kalmar da Ba Ta Cikin Ƙamus

Zuwa ga aminina Malam Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, kai da ka shekara biyu a makwanci. Amma shekara ashirin da ɗoriya muna tura wa juna fayil a ofis, hannuna ya riga ya saba rubuta maka.

Labari na farko, sojoji sun koma bariki. Wallahi da gaske nake. Mun yi layi a rana mun jefa ƙuri'a, an rantsar da farar hula, yanzu kowa a Ƙofar Kwaya ɗan siyasa ne, har Ilu mai tsire. Da kana nan da ka ce gari ya cika da brouhaha, sannan ka tsaya kana duban fuskokinmu ka ga wanda zai tambayi ma'ana. Iyalinka lafiya lau, ƙafar matarka Hajiya Rabi ce dai ke ɗan damunta. Darbejiyar da ka shuka a ƙofar gida ta wuce katanga. 'Yarka Binta kuwa ta zama malamar Turanci a makarantar 'yan mata can wajen Kambarawa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ka tuna wasanmu? Duk Litinin ɗayanmu zai zo da kalmar Turanci wadda ko Bature sai ya sosa ƙeya, ya cusa ta cikin bayanin fayil. In ɗayan ya kasa faɗin ma'anarta kafin azahar, shi zai sayi fura. Kai ka kawo kerfuffle ranar da masinjoji suka yi rigima a kan buta. Ka taɓa rubuta cewa wani ɗan kwangila lackadaisical ne, wato malalaci, babban sakatare ya sa hannu bai ce uffan ba, don kada a ce bai sani ba. Ni skedaddle ce tawa, har gobe ina son yadda take tserewa a baki. Amma gaskiya ɗaya ce, ka fi ni. Sati bakwai a jere ka taɓa kayar da ni, kana wannan murmushin naka mai ban haushi.

To ga abin da ban taɓa gaya maka ba. A sati na takwas na kawo glimberous. Na ce maka a wani tsohon littafi na gan ta, kuma ma'anarta farin cikin da ke sauko wa mutum ba dalili. Sada, ƙarya nake. A kan keke na ƙirƙire ta, tsakanin Ƙofar Kaura da ofis, don tsabar haushi. Ka sayi fura na sha, har na nemi ƙarin nono. Ina kallonka kana bin ƙamus shafi-shafi, ka je laburare, ka aika wa ƙanenka a Zariya ya duba maka. Sau nawa na buɗe baki in faɗa? Kunya ta hana ni, daga baya na ce ai zance ya wuce. Bai wuce ba. Ranar da muka raka ka makabarta, cikin duk abin da ya kamata in tuna, wannan kalmar ce ta tsaya mini a rai.

Makon jiya Binta ta zo gaishe ni, riƙe da littafinka na kalmomi, mai baƙin bangon nan. Sabon shugaban ƙaramar hukuma zai ziyarci makarantarsu, an ba ta jawabin maraba, tana so ta sa kalma ɗaya daga cikin naka don a ji ka a wurin. Wacce kake jin ta zaɓa? Glimberous! Ta ce tun tana ƙarama take jin ka kana faɗinta ranar salla da ranar ruwan farko, kuma ba ta ga wadda ta dace da wannan lokaci kamarta ba. Abin da ya kawo ta, in tabbatar mata da yadda ake furta ta.

Na shiga tsaka mai wuya. In na yi shiru, 'yarka za ta tsaya gaban manyan baƙi da abokan aikinta ta faɗi ƙaryata da bakinta, wani ya je ya buɗe ƙamus. In na faɗa, Baba Mamman da furfurarsa ya zama maƙaryaci a gaban yarinyar da aka raɗa wa suna a kan idonsa. Na dai faɗa. Na sunkuyar da kai na ba ta labari tun daga keke har ƙarin nono. Ta yi dariya har da hawaye. Sai ta buɗe shafin ta nuna mini wani ɗan rubutun ajami a ƙasan kalmar, ta ce ta ɗauka addu'a ce, don ajamin hannunka ya gagare ta. Na sa tabarau na karanta. Ka rubuta: Ta Mamman ce, ba ta cikin ƙamus, amma ta fi da yawa da ke ciki. A bar masa.

Ashe ka sani, mugu? Shekara goma sha biyar ka bar ni ina fama da kunya, kai kana gida kana more kalmata? Na yi dariya, na yi kuka, Binta ta rasa wanne za ta taya ni.

Jiya aka yi taron. Binta ta sa kalmar, amma ta gaya wa jama'a ba Bature ya yi ta ba, a nan Katsina aka haife ta, kai kuma ka rene ta. Aka ɓarke da tafi. Ina kujerar baya na ga 'yan mata suna rubuta ta a tafin hannu.

Ka yafe mini, Sada, ko da yake na ga alama ka daɗe da yafewa. Yau na tashi cikin farin ciki, kuma wannan karon na san dalili.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa fuskokinmu a aljanna.

Naka har kullum,
Mamman, wanda ka rufa wa asiri