A Cire Gopal Daga Jerin Masu Fashin Makaranta

Hasmukh Thakkar,
Lamba 41, Layin Alder,
Gundumar Harlow Creek, New Jersey.
14 ga Oktoba, 2019.

Zuwa ga Dakta Loretta Wisniewski,
Shugabar Makarantun Gwamnati na Gunduma.

Ranki ya daɗe,

Game da: Sammacin kotu kan Gopal Thakkar, ɗan aji ɗaya

Bayan gaisuwa da girmamawa, ga kokena.

1. Ranar 3 ga Mayu ofishinki ya aiko da takardar ƙidayar yaran gidaje. Ina wurin aiki, mahaifiyata Kokilaben ta sa maƙwabciya ta cike mata. Aka rubuta yara biyu: 'yata Dhruvi, da Gopal, mai shekara shida.

2. Gopal, ranki ya daɗe, mutum-mutumin Krishna ne, abin bautarmu na addinin Hindu, yana yaro, na tagulla, bai wuce tafin hannu ba. Shekara shida ke nan da aka ba mu shi a haikalinmu. Kullum mahaifiyata tana yi masa wanka, ta sa masa riga, ta ajiye masa madara. Ta ce wanda ake wa wannan hidima ba za a ƙirga gida a tsallake shi ba, gara a tsallake ni.

3. Ranar 9 ga Satumba, da na ji an sa sunansa a aji ɗaya ana rubuta masa fashi, na je makaranta na yi bayani, aka nemi katin rigakafinsa. Na koma da wasiƙar malamin haikali, wanda maimakon ya taimake ni ya rubuta cewa Gopal yana ko'ina a kowane lokaci. Magatakarda ta ce to ban da aji ɗaya.

4. Ranar 1 ga Oktoba jami'inki Mista Delgado ya zo gida. Mahaifiyata ta sa shi cire takalmi, ta cika shi da alawar madara, ta ce ya rage murya, yaro na barci. Bawan Allah ya koma ya rubuta cewa iyaye ne ke ɓoye yaro!

5. Yanzu ana nemana a kotu ranar 28 ga wata. Shekara ashirin da biyu ina sayar da magani a garin nan, ko ɗan sandan hanya bai san sunana ba. Kunya ta ishe ni. Mahaifiyata kuwa ko a jikinta, har jakar makaranta ta ɗinka masa.

Saboda haka ina roƙon a janye sammacin, a goge sunan Gopal daga jerin masu fashi.

Sai dai a yi a hankali. Dokarku ta ce motar makaranta ba ta shiga layin da yaransa ba su kai goma ba, jiya kuma maƙwabta suka sanar da ni cewa Gopal ne na goma. In aka cire shi, Dhruvi da yara takwas za su taka mil ɗaya da rabi cikin ƙanƙara, ni kuma ban ga inda zan zauna a haikali ba, don da iyayensu muke zuwa. Don haka a cire shi daga aji, amma don Allah a bar masa kujerarsa a mota.

Na gode da haƙurinki.

Naki cikin ladabi,
Hasmukh Thakkar
(Mahaifin yarinya ɗaya tak)