Likitanmu Ya Koma Ɗaukar Waɗanda Ba Sa Lura

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin ranar Litinin. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Shekarata bakwai ina aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori mai kujera biyu, a saman wani shagon taya. Ni nake wanke ƙarafan aiki, in sa su a tukunyar turiri, in jera a faranti. Mai asibitin dattijo ne, Baba Likita muke ce masa. Ya ɗauke ni ban san komai ba, ya koya mini, ko tsawa bai taɓa yi mini ba. Ranar da mahaifina ya rasu, rufe asibitin ya yi ya zo ya zauna da mu.

Baba yana da hanyarsa ta ɗaukar ma'aikata. Ranar intabiyu sai ya sa in tsaya a ɗakin jira da tsintsiya, kamar ba ruwana. In yar da auduga a ƙasa, in karkata kujera ɗaya. Ina kallon wadda za ta ɗauke audugar, da wadda za ta tsallake, da wadda za ta tashi wa tsohuwa. Daga baya in gaya masa. Yakan yi dariya ya ce takarda tana ƙarya amma idona ba ya yi. A da, wadda na yaba ita yake ɗauka.

Shekara biyu ke nan abin ya juye. Wadda na ce masa ba ta lura da komai, ita ake kira. Na ɗauka na yi laifi ne, sai a hankali na gane. Hannun Baba na dama ya fara rawa. Ya daina cika kofin shayi. In zai rubuta magani sai ya danne tsintsiyar hannunsa da hagu. Tsohuwar nas ɗinsa, shekararsu goma sha biyar tare, ta ce masa ya je a duba shi, ba a yi wata guda ba ta tafi. Bayanta uku sun zo sun tafi, duk wadda idonta ya tsaya a kan hannun nan ba ta daɗewa.

Sati uku da suka wuce wata malamar makaranta ta zo cikon haƙori. Sabuwar nas tana riƙe da bututun tsotse yawu, ni kuma na shigo da faranti. A gabana injin huda haƙori da ke hannun Baba ya zame ya yanke matar a ƙasan harshe. Jini ya ɓata har takalmina, sai da aka yi ɗinki huɗu. Baba ya ce nas ɗin ce ta bugi gwiwar hannunsa. Anti, wallahi ko rigarsa ba ta taɓa ba. Abin da ya fi cin raina, yarda ta yi. Tana kuka tana ba shi haƙuri. Ya sallame ta ba takardar shaida, ga ta da 'ya'ya biyu ba miji. Ni na riƙe mata jaka har ƙasan bene.

Litinin mutum uku za su zo intabiyu, ya ce in shirya tsintsiyata. In na yi magana na tona asirin wanda ya rufa mini asiri, kuma na san hanyar da nas ɗin farko ta bi. In na yi shiru, wa zai hau kujerar nan gobe? Baba ya zame mini ƙadangaren bakin tulu.

Mai Wankin Ƙarafa

AMSA

Ƙanena, hankalinka ya riga ya gaya maka amsar, ƙarfin gwiwa kake nema.

Baban naka ba mugu ba ne, mutum ne da tsoro ya kama. Hannunsa shi ne sana'arsa da mutuncinsa. Amma tsoron nan ya yanki mace ɗaya, ya ɗora wa wata laifin da ba ta yi ba. Halacci ba ya nufin ka taya shi zaɓen waɗanda ba za su gani ba.

Kada ka jira Litinin. Ka same shi ku biyu, ka rufe ƙofa, ka fara da alherin da ya yi maka. Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani, kada ka ƙara, kada ka rage, kuma kada ka sa wa ciwon suna, kai ba likita ba ne. Ka roƙe shi ya je a duba shi, don rawar hannu iri-iri ce, wata ana samun sauƙinta. Ka roƙe shi ya ajiye inji da allura har a san matsayinsa. Ma'aikacin da asibitin yake buƙata yanzu likita ne matashi mai tsayayyen hannu, Baba ya riƙa dubawa yana koyarwa. Wannan ba faɗuwa ba ce.

In ya ƙi, ka je wa matarsa ko babban ɗansa, ko wani likita sa'ansa da yake jin nauyinsa. In duk bai ji ba, akwai hukumar da take kula da likitoci, kuma kai mata magana ba cin amana ba ne.

Abu ɗaya kuwa ba ya jiran yardar kowa. Ka nemi nas ɗin nan ka gaya mata ba ita ba ce. Tana can ta daina yarda da hannunta.

Ba zan ruɗe ka ba, kana iya rasa aikin. Ka fara cigiya tun yanzu, mai hannu da ido irin naka ba ya rasa wuri. Rashin aiki yana wucewa, amma in aka sake zubar da jini kana tsaye da faranti, wannan zai daɗe tare da kai.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya ba Baba lafiya, Ya sa ya ji ka.